Shekarar da Na Wanke Garma

Bana ruwa ya yi jinkiri. Hadari zai haɗu ta gabas, ya yi baƙi kamar da gaske, sai iska ta taso ta yi wajen Maiyama da shi, mu a bar mu da zufa. Shekaranjiya da hantsi ina zaune gindin darbejiya a gidan autana Sanusi, nan Sabon Garin Jega, na ji matarsa tana cigiyar basilin ɗin yara. Da na leƙa zaure, ga gogan ya baje injin ban ruwan da ya gama aikin albasa da shi a Aliero, yana lakato man da yatsa yana cusa wa kowane noti kafin ya ajiye shi sai baɗi. Ta tsaya a kansa tana faɗa, shi yana dariya yana cewa ai ƙarfe ma fata gare shi. Ni ban yi dariya ba. Na koma tabarmata na zauna, zuciyata ta tafi Fagada, ƙauyen da na yi zaman aure, shekara talatin da wani abu baya.

Gara in faɗi halina tun yanzu, kada wani ya riga ni. Ni mace ce mai zargi. Haka Allah ya yi ni tun ina yarinya: in kaza ta kalle ni sau biyu, sai na bincika abin da take nufi. Mahaifiyata takan ce, “Kulu, wanga hali naki wata rana sai ya kai ki ya baro.” Ya kuwa kai ni.

A lokacin shekarata huɗu da aure. Mu uku ne manya a gidan: ni, da maigidana Malam Garba, Allah ya jiƙansa, da mahaifiyarsa da muke kira Inna. Daminar da ta wuce ta yi mana rowa. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke ƙoƙarin yin ido, gyada kuwa ko irin da muka zuba ba ta mayar ba. Rumbun da kan cika har a danna da ƙafa, a shekarar ko rabi bai kai ba.

Abin da muke da shi na tinƙaho ɗaya ne, garmar shanu. Ba tamu ba ce mu kaɗai. Malam ya haɗa hannu ya saye ta da wani abokinsa Bafillace, Sambo, mutumin wajen Kuberi, wanda kan kafa rugarsa kusa da mu da damina ya yi nomansa. Bijimai na Sambo ne, garma ta su biyu. Ƙa'idarsu ita ce, in ƙasa ta jiƙu a fara huɗe gonarmu, sannan tasa. Ba mu da wata hanya ta noma babbar gonar dawa sai wannan, don Malam shi kaɗai ne namiji, fartanya ba za ta kai shi ko'ina ba. In garma ta tsaya, to tuwon gida biyu ne ya tsaya.

Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne, a wannan shekarar ta fari, dawar Sambo ta fi tamu nesa ba kusa ba. Garma ɗaya, bijimai ɗaya, ruwan sama ɗaya, gona kusa da gona. Yau ko yaro ya san dalili: shanunsa a gonar suke kwana, taki ya ratsa ta. Amma yunwa ba ta barin mutum ya yi tunani mai kyau, kuma a lokacin kowa ya san labarin masu janye albarkar gonar maƙwabci su kai tasu.

Da kaka ta ƙare, Malam ya tafi Aliero aikin albasa don a samu abin rufin asiri. Kwana biyu da tafiyarsa Sambo ya zo, zai bi shanu kudu neman ruwa da ciyawa, zai bar garma a wurinmu kamar yadda aka saba. Ya yi sallama, ya gaida Inna, ya zauna a zaure. Ni kuwa ina bayan zana, idona a wata kafa.

Na ga ya kwance garmar gaɓa gaɓa. Ya fito da wani ɗan gwangwani daga jakarsa ta fata, ya riƙa lakato wani abu mai danƙo, baƙi baƙi, yana shafa wa bakin garmar, da kusoshi, da sandar taya. Kowane noti ya cusa masa, ya naɗe shi da jan tsumma, ya ƙulle da zare. Sannan ya jawo karkiya, wato itacen da ake ɗora wa bijimai a wuya, ya murza mata wani mai daga ƙoƙo har tana ƙyalli. Duk wannan aikin bakinsa bai tsaya ba, yana ta magana ƙasa ƙasa da Fillanci. Da ya gama ya naɗe komai a tsohuwar tabarma, ya tura ƙarƙashin rumbu a kan duwatsu, ya ce wa Inna, “Inna, kada a bari kowa shi buɗe ta har in komo.”

Kada a bari kowa ya buɗe ta. Wannan maganar na kwana ina juya ta, na tashi da ita.

Ku da kuke jin labarin yanzu kun riga kun gane abin da ya shafa. Amma ku tsaya ku ji yadda mai yake a gidanmu a wannan ranin. Kwalbar man gyada ɗaya ce, tana ɗakin Inna, an toshe bakinta da totuwa. In za a kaɗa miya, Inna da kanta ke tsoma tsinken tsintsiya sau uku ta ɗiga, ta lashe tsinken, ta mayar da totuwa. Da kwalbar ta ƙare sai miyar kuka ta koma ruwa da daddawa. Tuwo sau ɗaya a yini, da safe kunu mai ruwa ruwa wanda kana iya ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Ƙafafunmu sun yi faso, leɓuna sun tsage, gwiwar ɗana kamar an barbaɗa mata toka. Basilin a wurinmu kayan amarya ne da mai jego, a shafa kaɗan ranar suna a mayar cikin kwalla. To wane mai hankali ne zai ɗauki mai, a shekarar da miya ba ta samu ba, ya shafa wa ƙarfe? Ko kusa tunanina bai je can ba.

Na daure har bazara ta shigo. Zafin shekarar ba na mantawa ba ne. Kafin hantsi ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta ba takalmi, kaji su buɗe baki su kwanta gindin randa, guga ya dawo daga rijiya rabi ruwa rabi laka. Da azahar gari ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan kurciya. A irin wannan tsit ɗin ne wata rana na ja tabarmar nan na buɗe.

Abin ya ƙara baƙi, ƙasa ta manne masa. Na shinshina, wari mai ɗaci kamar na ganyen darbejiya ya bugi hancina. Na ƙirga ƙullin jan tsumma, bakwai cif. Na ce biri ya yi kama da mutum. Na ruga na kira Inna.

Inna ta duƙa, ta duba, ta ja da baya tana salati. “Ke ɗiyag ga, mi kika gani haka?”

“Inna, ni dai na daɗe ina zargi. Dibi dawatai bara, dibi tamu. Kuma kin ji yac ce kada a buɗe.”

“Awo, haka yac ce.” Sannan ta ce, “Ruwa ba ya tsami banza. Amma kada Garba shi ji, don ba shi son a taɓa mai abokinai.”

Maganin da Inna ta sani shi muka yi, wanda ta ce ta gada wurin kakarta. Muka kwance tsummokaran da tsinke, ba mu yarda mun taɓa da hannu ba, muka jefa a murhu. Suka kama da wuta fal, har da ƙara, muka dubi juna muka gyaɗa kai. Mai ne ke ci, amma mu a wurinmu shaida ce. Na dafa ruwa da toka da tsamiya, na zuba gishiri, gishirin da muke awo da yatsa uku, na zuba tafi guda ban ji ciwo ba. Na sa soso da yashi na dirje garmar nan tas, har ƙarfen ya fito fari. Gumi na zuba mini a ido, ciki ba komai sai kunun safe, amma ina jin kaina kamar wadda ta ceci gida. Inna ta ce a binne ƙarafan kwana bakwai a ƙasa mai laima don ta shanye abin da ya saura. A wannan bazarar wuri ɗaya ne mai laima a gidan, gindin randa. Nan muka tona muka binne. Karkiya kuwa na sheƙa mata tafasasshen ruwan toka, na ɗora ta kan rufin madafa rana ta gasa ta sati guda.

Da muka tono, ƙarfen ya yi ja kamar an yayyafa masa ruwan goro. Inna ta ce, “Kin gani? Ga shi nan shina hita.” Muka mayar cikin tabarma, muka tura ƙarƙashin rumbu, a ƙasa, don ban ga amfanin duwatsun ba. Bayan haka na leƙa sau ɗaya, jan ya ƙaru, na ji daɗi.

Malam ya dawo daga Aliero ya rame, ya yi baƙi, da buhun gero ɗaya da 'yar albasar da aka tsince ta rage. Ya tambayi garma, na ce tana nan lafiya. Ban yi ƙarya ba a ganina.

Ruwan farko ya zo da la'asar, da iska da ƙamshin ƙasa wanda har yau in na ji shi sai yawuna ya tsinke. Muka fita da safe gaba ɗaya, Malam yana sara da sungumi, ni ina bin sa ina zuba gero ina rufewa da diddige, Inna tana ƙarƙashin gawo da yaro. Bayan kwana tara aka yi na biyu, mai ƙarfi, wanda ya cika kududdufai kwaɗi suka buɗe baki. Wannan shi ne ruwan huɗa. Ƙasarmu jigawa ce, ba ta riƙe laima, in ka samu kwana uku ka gode Allah.

Sambo ya iso da sassafe da bijimansa biyu, haƙarƙarinsu a waje amma suna tafiya da ƙarfinsu. Suka gaisa da Malam suna ta barkwanci irin nasu. Ina bayan zana na ji an ja tabarma. Sai dariyar ta yanke.

“Garba, wa yat taɓa garmag ga?”

“Babu wanda yat taɓa ta. Inda ka aje ta nan take.”

Na sa ido a kafa. Garmar ta yi jawur, tsatsa har tana ɓarewa. Taya ta ƙi juyawa. Malam ya kawo sifana ya ɗora a notin da ke riƙe bakin garmar, ya danna, ya ƙi. Ya taka da ƙafa ya hau da ƙarfinsa duka, sai na ji ƙas, kusar ta karye a ciki. Sambo ya ɗaga karkiya, ta tsage daga tsakiya har kusan ƙarshe, gefen da ke ƙasa kuwa gara ta yi gida. Ya matsa da babban yatsa, itacen ya burma.

Ya kankari ƙarfen da farce, ya kai harshe, ya tofar.

“Gishiri na,” in ji shi.

Na juya in nemi Inna, sai na ga labulen ɗakinta yana motsi. Tsohuwa ta shige ta bar ni da aikin. Ina iya yin shiru, kuma na so in yi. Amma Malam ya riga ya juyo yana kallon zana, ya san ina nan, ya san halina.

Na ce, “Ni ta. Ni na wanke ta.”

Sambo bai dubi wajen da nake ba, don bai taɓa kallona ido da ido ba. Ya ce, “Matar Garba, mi yas sa?”

“Na ga ka ɗaɗɗaure ta da jan tsumma kana magana. Kuma kac ce kada a buɗe.”

Na so ya yi faɗa, ya zage ni, in samu abin mayarwa, don bakina bai taɓa mutuwa ba. Amma da ya buɗe baki muryarsa a kwance take.

“Basilin na. Na matata Hajjo na, wanda anka kawo mata na suna. Nic ce ta ba ni, ƙarhen ga shi ka ciyar da gida biyu. Na gama shi da gawayi da ɗiyan darbejiya don ƙwari. Tsumman kau zanenta na. Na karkiya man shanu na, na kwana huɗu, munka hana ma bakinmu.” Ya ajiye itacen a hankali. “Magana kau, kusoshi nike ƙirga kada in mance ɗaya.”

Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige. Kunya ta rufe ni har kunnuwana suna zafi. Malam bai dake ni ba, bai ɗaga murya ba. Da Sambo ya fita ya shigo ya tsaya a kaina ya ce, “Kulu, da kin tambaye ni.” Daga nan sati guda bai ƙara ce mini ko sannu ba, kuma na gwammace duka da wannan.

Ranar nan Malam ya ɗaura ƙarafan a keke ya yi Jega wurin mai walda. Ba wuta, ga layin manoma kowa da nasa gyaran, sai da ya kwana uku. Sambo ya shiga daji ya saro ɗanyen itace ya sassaƙa wata karkiyar. Kafin su haɗu ƙasa ta bushe ƙayau. Muka koma kallon sama. Hadari ya haɗu ya watse, ya haɗu ya watse. Gonakin mutane sun yi kunya kunya, dawa ta fara tsiro, namu biyu suna kwance ciyawa na cin su. In na je rijiya sai mata su yi shiru, in na juya baya a ci gaba. Inna kuwa ta ce ita tun farko ba ta so aka taɓa kayan mutane ba.

Da ruwan ya dawo bai yi yawa ba, kowa ya san laimar ba za ta ishi gona biyu ba. Na ji Malam a zaure yana cewa, “Sambo, tahi ka hwara taka. Laihin daga gidana yah hito.”

Sambo ya ce, “Mun yi magana tun ranar da munka sayi garma. Taka ta ka hwarawa.”

Haka aka yi. Kwana biyu da rabi suna huɗar gonarmu, garma tana ƙara kamar ana yanka akuya, ɗanyen itacen ya goge wuyan bijimi ɗaya har ya yi miki. Na kai musu fura gona, Sambo ya ce ya gode, azumi yake. Washegari ma azumi yake. Kafin a kai ga tasa gonar ƙasa ta sake bushewa, bijimin kuma ba ya ɗaukar karkiya. Sai da ya jira wani ruwan, ya huɗe rabi da bijimi ɗaya da na aro, ya shuka dawarsa mutane suna noman farko.

Damina ta sake ɗaukewa da wuri. Dawarmu ta sha da ƙyar, ta yi ido, muka samu abin da zai kai mu. Ta Sambo ta tsaya kara zalla, ko kai ba ta fitar ba, shanunsa ya saka suka cinye. Malam ya ɗora dammuna a jaki ya kai masa. Ya karɓi rabon bijimai kamar yadda aka saba, sauran ya sa aka dawo da su har ƙofar gidanmu.

Duk lomar da na kai baki a wannan kakar sai na ji ta tsaya mini a wuya. Na sayar da kazata mai ƙwai, na ba wata maƙwabciya sautu ranar kasuwar Jega ta sayo mini basilin, babbar kwalba, sabuwa. Da na ji suna shirin tashi, na yafa gyale na nufi rugar da hantsi, ni kaɗai.

Ban taɓa ganin Hajjo kusa ba sai ranar. Doguwa ce, siririya, tana zaune bakin bukka tana ɗaure ƙore, 'yarta da ta fara rarrafe tana gefenta. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi Inna da yaro. Babu abin da ta rage mini na mutunci. Idona ya kai kan yarinyar. Bayan gwiwoyinta da wuyanta duk tabo ne baƙi baƙi, irin na fatar da ta tsage ta warke ta sake tsagewa.

Na kwance bakin gyale na tura mata kwalbar. Na ce, “Hajjo, ki yi haƙuri. Ga wanga ki shahwa ma ɗiya.”

Ta ce, “Allah shi saka.” Ta ɗauka, ta juya ta, ta duba murfin. Ta buɗe ta kai hanci. Yarinyar ta rarrafo tana miƙa hannu, sai Hajjo ta janye kwalbar sama, ta tare 'yar da gwiwa. Sannan ta miƙo mini, ba fushi a fuskarta ko kaɗan.

“Ke hwara shahwawa,” in ji ta.

Na lakato na shafa a hannuna, tun daga wuyan hannu har gwiwa. Ta ce in shafa a leɓe ma, na shafa. Muka zauna, rana tana hawa, ita tana kallon hannuna tana jira ta ga abin da zai same ni.